Jirgin Sama a Bayan Badala

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jiragen sama guda uku suka sauka a filin sukuwar dawaki da ke bayan badalar Kano, ta wajen Nassarawa. Na mayaƙan saman Ingila ne, ƙirar DH.9A, kowanne da fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, da mazaunin mutum biyu a buɗe babu rufi. Sun taso daga Helwan, kusa da birnin Alƙahira, ranar 27 ga Oktoba. Suka bi Kogin Nilu har Hartum, suka karkato yamma ta El-Obeid da El-Fashar, suka ratsa ƙasar Wadai, suka yada zango a Fort Lamy, wato Injamena ta yau, da kuma Maiduguri, sannan suka iso mana. Jagoran tafiyar wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. Sarkin Kano Usman ɗan Abdullahi Maje Karofi ne bisa gado, a shekarar da ta biyo baya kuma Allah ya yi masa rasuwa.

Duk wanda ya san tarihin aikin hajji a ƙasar Hausa zai gane wannan hanya. Ita ce kakanninmu suke bi a ƙafa da jakuna da raƙuma, suna tafe suna tsayawa noma ko ƙwadago don su sami guzuri. Wani ya yi shekara biyu, wani ya yi biyar, wani kuma ya zauna a Sudan ke nan, har yau jikokinsa suna can suna jin Hausa. Wannan doguwar hanya ce jiragen nan suka naɗe cikin kwana shida.

A Nuwamban 2025 saukar ta cika shekara 100. Daga cikin jiragen ukun babu ko ɗaya da ya rage. Kusan guda 2,000 aka ƙera irinsu a Ingila, amma yau guda ɗaya tak ya saura a duniya, yana ajiye a gidan tarihin mayaƙan sama da ke Landan. Mu kuwa da abin ya faru a ƙofar gidanmu, mafi yawanmu ko kamanninsa ba mu sani ba. Wannan ne ya sa muke son mu waiwayi jiragen yaƙin da suka ratsa garin nan, mu kuma dubi wata ƙaramar sana'a da wasu al'ummu suke riƙe irin wannan tarihi da ita, wato ƙera ƙananan jirage na kwaikwayo masu tashi da rimot, da kuma tayar da tsofaffinsu idan sun kwanta.

Ƙofar da baƙin abubuwa suke fuskanta

Ana danganta Ƙofar Nassarawa da faɗaɗa ganuwa da Sarki Muhammadu Rumfa ya yi, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Amma matsayin da muka san ta da shi a yau ya samo asali ne bayan 1903, lokacin da Turawa suka ci Kano suka kafa mazauninsu a bayan gari, wajen Nassarawa da Bompai. Tun daga nan duk wani baƙon abu ta wannan fuska yake ɓullowa. A Nassarawa Hanns Vischer, wanda muke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a 1909. Layin dogo ya iso a 1911, tasharsa ma a bayan badala take ta gabas. Ta wannan ƙofa Sarki yake fita ranar Hawan Nassarawa, ya ziyarci kaburburan magabatansa, ya wuce wurin Razdan a da, wurin Gwamna a yanzu. Mutumin cikin birni da ya ji rugugi a sama ranar nan, idan yana son ya ga ƙwal uwar daɗi, hanyarsa ita ce ta Ƙofar Nassarawa ko Ƙofar Mata.

Harshenmu bai sha wahalar raɗa wa baƙon suna ba. Da can jirgi na ruwa ne kawai, kwale-kwalen da ake fito da shi a gulbi, matuƙinsa kuma shi ne mai riƙe da filafili. Da dogo ya zo aka ce jirgin ƙasa. Shekara goma sha huɗu bayan haka aka sami jirgin sama, mai sarrafa shi kuma aka bar masa sunan matuƙi. Kalma ɗaya ta ɗauki abubuwa uku, ba ta gaza ba.

Katako, yadi da waya

Yaron yau da ya saba ganin manyan jiragen alhazai zai yi mamakin abin da aka yi DH.9A da shi. Ƙashin jikinsa katako ne, an ɗaure shi da wayoyin ƙarfe, an lulluɓe shi da yadi, an shafa wa yadin wani irin fenti mai sa shi ya ɗame kamar fatar ganga. Faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 14 ne. Injinsa ƙirar Amurka ne mai suna Liberty, mai ƙarfin doki 400, farfelarsa ita ma ta katako. Da za a kira kafinta da tela da maƙeri na Kano na wancan zamani su zagaya shi, babu abin da zai gagare su ganewa in ban da injin.

Sai dai kada kyan ƙira ya mantar da mu aikin da aka yi shi dominsa. Jirgin jefa bam ne, an fito da shi a 1918, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bayan yaƙin Ingila ta ga ya fi mata arha ta tsare ƙasashen da ta mallaka daga sama maimakon ta tura dubban sojoji. A farkon 1920 jirage 'yan wannan gida suka yi ruwan bama-bamai a kan ganuwoyin Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan a ƙasar Somaliya, suka kawo ƙarshen gwagwarmayar da ya shafe shekara ashirin yana yi. A Iraƙi ma haka aka yi da ƙauyukan da suka ƙi bin umarni, shi kansa Coningham ya yi aiki a can kafin a mayar da shi Masar. Saboda haka jiragen da suka sauka a filin sukuwa, shekara 22 kacal bayan cin Kano, sun zo gwada hanya, sun kuma zo nuna wa kowa inda ƙarfi yake. Duk wanda zai ba da labarinsu ya kamata ya haɗa biyun.

Hanyar Takoradi

Gwajin bai tashi a banza ba. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano, filin jirgin saman da yanzu ake kira da sunan Malam Aminu Kano ya fara aiki. Amma amfanin hanyar na gaske sai a 1940 ya bayyana. A watan Yuni na shekarar Faransa ta faɗi hannun Jamus, Italiya ta shiga yaƙi, Bahar Rum ya zama wurin da jiragen ruwan Ingila ba sa ratsawa lafiya. Ga sojojinta a Masar suna neman jiragen yaƙi ruwa a jallo. A watan Agusta gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi bayan Janar de Gaulle, sai sararin samaniyar Chadi ya buɗe.

Dabarar da aka yi ita ce a ɗauko jiragen a wargaje cikin akwatuna, a sauke su a tashar ruwa ta Takoradi da ke ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, sannan a tuƙo su ayari-ayari. Jirgi ƙirar Blenheim mai ɗauke da masanin hanya shi ne madugu, ƙananan jirage ƙirar Hurricane suna biye. Daga Takoradi sai Legas, sai Kano, sai Maiduguri, sai Darfur, sai Hartum, sannan Alƙahira. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya. Ƙurar hunturu da yashin Sudan suna cin injuna, har ya zama da yawa sai an yi musu gyara kafin su shiga fagen fama.

Wani abin lura shi ne, mutumin da ya karɓi shugabancin mayaƙan saman Ingila a hamadar Masar da Libiya a 1941 shi ne dai Coningham. Jiragen da ya yi yaƙin El-Alamein da su a 1942, da dama daga cikinsu ta hanyar da ya gwada da kansa suka iso masa, sun kwana a Kano sun sha mai. A lokacin da iyayenmu suke karanta labarin Hitila a Gaskiya Ta Fi Kwabo, ana tara dalar gyaɗa don ciyar da Ingila, wani sashe na yaƙin yana wucewa ta saman kawunansu kowane mako.

Akwatunan 1967

An kafa rundunar sojan sama ta Nijeriya a 1964, da taimakon Jamusawa. Shekara uku bayan haka yaƙin basasa ya ɓarke, rundunar kuwa ba ta da jirgin yaƙi na a zo a gani. A watan Agusta na 1967 manyan jiragen dakon kaya na Tarayyar Sobiyet suka sauka a Kano ɗauke da jirage ƙirar MiG-17 da MiG-15 a wargaje. A nan aka harhaɗa su, matuƙa daga Masar suka fara tashi da su. Tarihi ya maimaita kansa ke nan: jirgin yaƙi cikin akwati, Kano kuma zango.

Wannan karon waɗanda bama-baman suka faɗa wa 'yan ƙasarmu ne, kuma da yawansu fararen hula ne a kasuwanni da garuruwan gabas. Ɗaya ɓangaren ma ya yi amfani da sama. A watan Mayu na 1969 wani Baswide, Carl Gustaf von Rosen, ya kawo wa Biyafara ƙananan jiragen koyon tuƙi guda biyar ƙirar MFI-9, aka ɗaura musu rokoki suka kai hari filayen jiragen tarayya. Wanda yake son ganin sauran jiragen wannan yaƙi sai ya tafi gidan tarihin yaƙi na ƙasa da ke Umuahia. Can ne aka tara su, na ɓangarorin biyu, a fili ɗaya.

Jirgin kara da na langalanga

Duk tsawon waɗannan shekaru akwai wasu masu kallo da littattafan tarihi ba su ƙirga ba, su ne yaran birni. Mun taso muna ƙera mota da kara da langalanga, muna yanka tsohon silifa mu yi taya. Wanda hannunsa ya faɗa shi ne mai yin jirgi. A feƙe totuwar kara a yi gangar jiki, a tsaga ɓawon a soke fukafukai da shi, a yi farfelar da za ta juya idan an ruga da gudu ana fuskantar iska. Babu zane, babu ma'auni, ido ne kawai da abin da aka hango yana saukowa ta saman Fagge.

Jirgin kara ba ya tashi, dalilin kuma ba rashin basira ba ne. Abu uku ne babu wanda ya gaya mana. Fiffike yana buƙatar wata irin ƙira, mai ɗan tudu a sama, ya kuma ɗan ɗaga baki yadda zai tura iska ƙasa ita kuma ta ɗaga shi. Faɗin fiffiken dole ya dace da nauyin jirgin. Sannan akwai wurin da nauyin duka ya kamata ya taru, ba gaba sosai ba, ba baya ba. Totuwar kara kuwa wajen rashin nauyi ba ta da nisa da balsa, katakon da masu ƙera ƙananan jirage a duniya suke sayowa daga ƙasar Ekwado.

A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, mai shekara 24, wanda ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota ƙirar Honda Civic da kujerun Toyota da tarkacen ƙarafa. Rahotannin lokacin sun ce ya ɗaga daga ƙasa, ko da yake bai wuce ƙafa bakwai ba. Wasu sun yi dariya, wasu sun yi tafi. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne tazarar da ke tsakanin jirgin kara da jirgin Mubarak. A wasu ƙasashe akwai matakala a tsakani, inda yaro zai koyi sirrin tashi da abin da in ya faɗo ba zai kashe kowa ba. Wannan matakala ita ce ƙaramin jirgi mai rimot.

Tuƙi daga ƙasa

Tarihin sarrafa na'ura daga nesa ya girmi jirgin sama da kansa. A 1898 Nikola Tesla ya nuna wani ƙaramin jirgin ruwa a birnin New York yana juya shi da igiyar rediyo. A 1935 kamfanin de Havilland, mai ɗauke da sunan mutumin da ya zana DH.9A, ya fito da Queen Bee, cikakken jirgi marar matuƙi da sojoji suke koyon harbi a kansa. A wajajen 1937 wasu tagwaye 'yan Amurka, Walter da William Good, suka haɗa ƙaramin jirgi da rediyon da suka ƙera da hannunsu, suka tashe shi suka sauke. Jirgin nasu yana gidan tarihin Smithsonian har yau. Daga nan abin ya zama sha'awar dubban mutane, da ƙungiyoyi da filaye da gasa.

A cikin masu wannan sha'awa akwai waɗanda suka keɓe kansu ga kwaikwayon jirage na gaske. Mutum zai ɗauki jirgi guda, mai lamba kaza, na runduna kaza, ya rage girmansa da ma'auni ɗaya a ko'ina. Idan an rage DH.9A kashi bakwai, faɗinsa zai dawo mita biyu. A gasar duniya alƙalai suna zama da hotuna da zanen jirgin asali suna gwadawa da na kwaikwayon, launi da lamba da yawan haƙarƙarin fiffike, kafin a ce a tashe shi a ga ko tafiyarsa ta yi kama da ta uban gidansa. Wanda zai yi wannan aiki dole ya zama ɗan bincike. Ta haka ne ƙaramin jirgi yake zama taskar tarihi, wani lokaci ma ya fi hoto, domin ana zagaya shi, ana jin kukansa, ana ganin yadda yake karkata a iska. Gani ya kori ji.

Tayar da wanda ya kwanta

A ce yau wani ya tsinci irin wannan jirgi cikin kayan gwanjo, ko a ɗakin ajiyar wani tsohon gida a Nassarawa, ya shekara talatin ƙura ta rufe shi. Abin da zuciya za ta fara raya masa shi ne ya zuba mai ya gwada. Masana sana'ar kuwa sun ce wannan ita ce hanya mafi sauri ta mayar da shi itacen hura wuta.

Daga ƙashi ake farawa. A ɗaye rufin a duba katakon da ke ciki, domin gam yana bushewa ya saki, a ƙasarmu kuma ga gara, ga bushewar hunturu da ke murɗe fiffike. A bi kowace gaɓa da yatsa, wadda ta motsa a sake manne ta. Wajen da injin yake zaune ya fi ko'ina lalacewa, saboda mai ya jiƙa katakon ya yi laushi, gam ba ya kama shi. Ko dai a tsotse man da gari mai laushi da ɗan zafi, a yi ta maimaitawa, ko a yanke wurin a sa sabon katako.

Sai inji. Yawancin tsofaffin ƙananan injuna suna shan wani haɗin mai ne na sinadarin metanol da man zurman. Man zurman yana da kyau wajen hana ƙarfe cin ƙarfe, amma idan ya daɗe a ajiye sai ya daskare kamar ƙaro, injin ya ƙi juyawa. Ba a tilasta shi. A jiƙa shi, a ɗumama shi kaɗan, a kwance shi a hankali, a duba boris ko ya yi tsatsa, a canza tiyon mai da murfin tanki domin roba ba ta tsufa da kyau. A ɗaure injin a kan benci a tayar da shi a can, ya yi ta aiki har a amince da shi, kafin a mayar da shi jikin jirgi.

Rediyo ne wurin da ba a jin ƙyashin zubar da tsoho. Na da suna aiki ne a kan zango ɗaya tsayayye, idan mutum biyu suka haɗu a zango guda sai jiragensu su rikice. Daga tsakiyar shekarun 2000 aka koma wani tsari mai tsalle daga zango zuwa zango, wanda ya kusa kawar da wannan matsala. Tsohon batir kuwa a jefar da shi tare da wayarsa, domin tsatsa tana bin cikin wayar ta baƙanta ta ba tare da an gani daga waje ba. Ƙananan injunan da ke motsa jela da gefen fiffike a gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Aiki na ƙarshe shi ne awon nauyi, wato abin nan da ba a gaya mana ba muna yara. A ɗora jirgin bisa yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku daga bakinsa na gaba, ya tsaya daidai ko ya ɗan sunkuya. Wanda gabansa ya yi nauyi zai tashi da kyar amma zai dawo. Wanda jelarsa ta yi nauyi ba ya jin umarni, kuma sau da yawa tashinsa na farko shi ne na ƙarshe. Sannan a zaɓi sanyin safiya, domin iskar bazara idan ta yi zafi ba ta da kaurin ɗaukar fiffike sosai. A kuma nemi fili nesa da gidaje da filin jirgi, da izinin hukuma, tun da daga 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa ta hana tayar da na'ura marar matuƙi ba tare da amincewarta da ta ofishin mai ba da shawara kan tsaro ba.

Idan muka sake duba wannan jerin aiki za mu ga babu wanda babu gwaninsa a Kano. Kafintoci suna nan, masu gyaran injin babur da janareto suna kowane lungu, yaran Farm Centre suna narkar da dalma a kan abin da ido da kyar yake gani, Ƙofar Ruwa kuma babu irin ƙarfen da babu. Hannun yana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne zane da ma'auni da wanda zai haɗa waɗannan mutane a kan aiki ɗaya.

A tashe shi ko a ajiye?

Akwai muhawarar da masu gyaran tsofaffin jirage, manya da ƙanana, ba su gama ba. DH.9A ɗin da ke Landan Jamusawa ne suka kama shi a watan Oktoba na 1918, aka yi ta nuna shi a Balin, yaƙi na biyu ya kai shi Folan, sai a 1977 Ingila ta karɓo abinta ta ba da jirgi ƙirar Spitfire a madadinsa. An gyara shi, amma ba a tayar da shi, domin idan ya faɗi babu wani. A ɗaya gefen kuma, an tsinci gawarwakin yayansa, DH.9, a ɗakin giwayen fadar Bikaner da ke Indiya, gara ta ci rabonta. Aka kwashe su zuwa Ingila, aka shafe shekaru ana aiki, a 2019 ɗaya daga cikinsu ya tashi a filin Duxford. Masu suka suna cewa katakon da aka canza ya yi yawa, wannan sabon jirgi ne da tsohon suna. Masu gyaran suna cewa jirgin da ba ya tashi gunki ne.

Mu Kanawa mun san wannan gardama, ko da ba a kan jirgi ba. Badala ginin ƙasa ce, rayuwarta a yaɓe take. Shekara ɗaruruwa ana fitowa aikin gayya ana mayar mata da abin da damina ta zaizaye, har ya zama da wuya a ce ga ƙasar da aka fara ɗorawa tun zamanin Sarki Gijimasu, amma babu wanda ya taɓa cewa ba ita ba ce. Da aka daina yaɓen ne ta fara mutuwa. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka sake gina wata. Ƙofar Nassarawa ta yau ginin zamani ce, ga gadar sama a gabanta. Abin da badala ta koya mana shi ne canza ƙasa ba ya kashe gini muddin masu ginin sun san yadda ake yi, suna kuma koya wa na baya. Ilimin da ke hannun magini shi ne abin gadon. A nan ƙaramin jirgi ya fi babba sauƙi: ana iya tayar da shi, in ya faɗi a sake ƙera wani, kuma kowane faɗuwa darasi ne ga wanda ya gyara.

Abin da ya rage gare mu

Ba wasa kawai muke magana a kai ba. Ilimin da ke tayar da jirgin mita biyu shi ne tushen jiragen da ba su da matuƙi. Rundunar sojan sama ta nuna nata a Kaduna, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018, duka da sunayen Hausa. Mun kuma ga ɗaya fuskar abin ranar 3 ga Disamba, 2023, lokacin da jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, cikin jihar Kaduna, mutum aƙalla 85 suka rasu. Tun daga 1925 muna ƙasa muna ɗaga kai, wasu ne suke yanke shawarar abin da zai wuce ta samanmu. Al'ummar da ta fahimci yadda na'urar take aiki ta fi iya tambayar masu riƙe da ita.

Abin da muke ganin zai yiwu ba mai tsada ba ne. Zanen DH.9A da hotunansa suna nan ga mai nema. Kwalejin fasaha ɗaya, ko ƙungiyar matasan unguwa da malamin kimiyya guda, za su iya ƙera biyu. Ɗaya a ajiye a Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, da bayani cikin Hausa na inda ya fito da abin da irinsa suka aikata a Somaliya da Iraƙi. Ɗayan kuma a riƙa tayar da shi ranar 1 ga Nuwamba a wani fili a bayan gari, yaran makarantun cikin birni su zo su gani, a bar su su taɓa, a nuna musu inda ake ɗora yatsu biyu. A cikinsu ba za a rasa wanda ya riga ya iya feƙe kara ba.